Ɗora Gilashin Baya a Tsohuwar Volkswagen Beetle

Gilashin bayan Volkswagen Beetle, motar nan ta Jamus, ba da gam ake manna shi ba kamar na motocin yanzu. Roba ce mai kwari biyu ke riƙe shi: ɗaya ya rungumi bakin gilashin, ɗaya ya kama leɓen ƙarfen jikin mota. Fasalin gilashin ya sha sauyawa. Kafin 1953 a rabe yake gida biyu, daga nan ya koma mai siffar ƙwai har zuwa 1957, sannan aka faɗaɗa shi. Saboda haka dole robar ta dace da shekarar motar.

Kafin komai, ana kankare tsatsar da ke leɓen ƙarfen, a shafa fenti ya bushe. Wanda ya tsallake wannan ya bar wa ruwan damina hanya.

Sai a zagaya gilashin da robar, wadda aka ɗan shanya a rana don ta yi laushi. A cusa siririyar igiya mai ƙwari cikin kwarin waje, bakunanta biyu su haɗu a tsakiyar ƙasa. A shafa ruwan sabulu. Kada a shafa giris ko baƙin mai, don suna cinye roba.

Aikin na mutum biyu ne. Na waje ya danna gilashin da tafin hannu a shimfiɗe, na ciki ya riƙa jan igiyar a hankali, leɓen robar na hawa kan ƙarfen kaɗan-kaɗan. A kusurwa ake bukatar haƙuri sosai, domin fizga na yaga roba. Kada ƙarfe ya taɓa bakin gilashin, don irinsa idan ya fashe rugurgujewa yake yi gaba ɗaya. Daga ƙarshe a kwarara ruwa daga waje, a duba ko yana yoyo.