Sallamar da ƙwayoyin jiki suka daina amsawa

Wanda ya ci tuwo ya ƙoshi ya miƙe ƙafa a kan tabarma, gani yake jikinsa ya huta. Alhali a daidai wannan lokaci ne aike ya fi kai-da-komo a cikinsa. Jikin babban mutum na ɗauke da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, kuma babu wadda ke yin gaban kanta. Kowace sai an gaya mata lokacin ci, lokacin rabuwa gida biyu, har da lokacin mutuwa.

Wani saƙon ta jijiya yake bi, da gudun da kan kai mita 100 a daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa kake janye ƙafa daga kan ƙaya tun kafin ka ce wayyo. Wani kuma sinadari ne da ake sakawa cikin jini ya zaga ko'ina, kamar mai shela a kasuwa: kowa ya wuce ta gabansa, amma sai wanda aka kira sunansa ke waiwayowa. Haka ƙwayar halitta take. A jikin fatarta akwai wasu 'yan kunnuwa, kowanne da irin saƙon da yake ji.

Cututtuka da dama, in ka bi diddiginsu, nan ne aka samu tangarɗa. Gubar ƙwayar kwalara takan danne wani makunni a ƙwayoyin hanji ya ƙi kashewa, sai su yi ta kwararo ruwa da gishiri har mutum ya bushe. Ƙwayar sankara kuwa ta toshe kunne ne ga umarnin da ke cewa ta daina hayayyafa. Amma wadda ta fi shiga gidajenmu a ɓoye, kuma muka fi yi wa mummunar fahimta, ita ce ciwon suga.

Tuwon nan da aka ci, hanji kan narkar da shi ya koma suga, ya shiga jini. Sugan ba ya iya kutsawa cikin ƙwayoyin tsoka da na kitse da kansa. Baƙo ne da ke buƙatar mai yi masa iso. Wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ita ke aiko da ɗan aike mai suna insulin. Shi ke zuwa ƙofar kowace ƙwaya ya yi sallama. In an amsa, a buɗe, suga ya shiga, jiki ya samu ƙarfi.

A nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, garkuwar jiki ce ke kuskure ta hallaka ƙwayoyin da ke yin insulin, ɗan aiken ya ɓace ke nan. A da, yaron da ya kamu ba ya daɗewa. Sai a 1921, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, Frederick Banting da Charles Best suka ciro sinadarin, kuma a watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa ya farfaɗo. Ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce yau ranar ciwon suga ta duniya. Ga irin waɗannan yara allura ba zaɓi ba ce, kuma babu saiwa ko ganyen da zai tsaya a madadinta.

Nau'i na biyu shi ne na mafi yawan masu ciwon, fiye da tara cikin goma. Nan ɗan aike yana nan, yana ta rafka sallama, masu gida ne suka yi nauyin ji. Gado na da hannu, haka ƙiba, musamman ta ciki, da yawan zama. Fankiriyas sai ta ƙara yawan 'yan aike, ta yi ta ƙarawa shekara da shekaru har ta gaji. Duk wannan lokaci mutum na harkokinsa bai san komai ba. Sai suga ya taru a jini, ƙoda ta fara zubar da shi, sannan a ga yawan fitsari da dare, ƙishirwar da ba ta yankewa, rama duk da ana ci, wani lokaci har tururuwa na bin wurin da aka yi fitsari. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda a wannan gaɓar ake fara zargin sammu, alhali ɗigon jini ɗaya daga yatsa zai faɗi gaskiya cikin 'yan daƙiƙoƙi. In aka auna da safe kafin a ci komai aka ga 126, ko 7 a ɗaya ma'aunin, ko sama da haka, kuma aka maimaita aka sake gani, to ciwon ne.

Akwai wani rangwame da Allah ya yi wa jiki: tsokar da ke aiki tana da ƙofar baya. Idan mutum na tafiya da sauri, ko noma, ko daka, tsoka kan janyo suga ko da sallamar insulin ba ta yi ƙarfi ba, kuma bayan an gama kunnenta kan ƙara buɗewa na tsawon sa'o'i. Don haka in likita ya haɗa maka magani da tattakin rabin awa kullum, tattakin ma magani ne.

Sugan da ya daɗe a sama kuma yakan koma ya cinye jijiyoyin da kansu, ya fara daga ƙafafu. Saƙon zafi ya daina isowa. Mutum ya taka ƙusa, ko takalmi ya goge shi, ya kwana uku bai sani ba, sai wari ya tona. Daga irin wannan ƙaramin gyambo ake kaiwa ga yanke ƙafa. Mai ciwon suga, tunda ƙafarsa ba za ta kira shi ba, shi zai je gare ta: kowane dare, in ya yi alwalar isha'i, ya duba tafin da tsakanin yatsu da fitila, in idonsa ba ya gani sosai ya sa ɗansa ko matarsa su duba masa, kuma kada ya fita tsakar gida ba takalmi.