Warin Kananzir a Murhun Ɗumama Ɗaki: Musabbabinsa da Hanyar Rage Shi

Manufar wannan takarda ita ce a yi bayani a kan warin da ke fitowa daga murhun kananzir na ɗumama ɗaki, irin wanda ake amfani da shi a gidajen Japan da wasu sassa na Amurka lokacin sanyi. Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, murhun nan ɗan'uwan risho ne: akwai tanki, akwai lagwani mai tsotso mai, sai wuta ta ci tururin man a bakin lagwanin.

Abin da muke son tabbatarwa shi ne, wari alama ce ta ɗayan abu biyu: ko man ba shi da kyau, ko kuwa bai ƙone sarai ba.

Bari mu fara da mai. Kananzir yana ɗauke da farar wuta, wadda idan ta ƙone takan ba da iska mai shaƙe maƙogwaro. Saboda haka ne ma'aunin Amurka ya kasa shi gida biyu: 1-K, wanda farar wutarsa ba ta wuce kashi 0.04 cikin ɗari, da 2-K, wanda takan kai kashi 0.30. Na farkon kaɗai ya dace da murhun da ba shi da bututun fitar da hayaƙi. Ma'aunin Japan ya fi tsanani, domin iyakarsa kashi 0.008 ne. To amma ko mai mai kyau yakan lalace in ya shekara a jarka, musamman a rana. Sai ya koma rawaya-rawaya, ya bar ƙwalta a kan lagwani. A ganinmu wannan ne kuskuren da ya fi yawa, domin magidanci yakan ji ƙyashin zubar da ragowar man bara.

Dangane da ƙonewa kuwa, lagwani ne tushen al'amari. In an yi ƙasa da shi ainun don tsimin mai, wutar ba ta yin zafin da zai cinye tururin, sai ɗaki ya gauraye da wari. In an ɗaga shi fiye da kima, sai baƙin hayaƙi. Lagwanin zaren gilashi akan tsabtace shi ta hanyar barin murhun ya ci a waje har mai ya ƙare ƙaf, amma na auduga ƙonewa zai yi. Da yake warin ya fi ƙarfi a lokacin kunnawa da kashewa, ya kamata a buɗe taga a waɗannan lokuta biyu.

Wajibi ne kuma a lura cewa iskar kabon monoksaid, mai halaka mutum cikin barci, ba ta da wari ko kaɗan. Don haka masu ƙera murhun a Japan suke umartar a sabunta iskar ɗaki sau ɗaya ko biyu kowace awa, a kuma kashe shi kafin a kwanta.