Wikipedia ta Hausa: Aikin Gayya Don Adana Ilmi

Kowane manomi ya san aikin gayya. Mutanen gari sukan taru da fartanya su nome gonar mutum ɗaya, ba don kuɗi ba. Akwai irin wannan gayya a intanet, amma ta rubutu ce. Sunanta Wikipedia.

Mece ce Wikipedia?

Wikipedia babban kundin ilmi ne da ake karantawa kyauta a wayar hannu ko kwamfuta. Wasu mutum biyu ne, Jimmy Wales da Larry Sanger, suka buɗe ta a Amurka ranar 15 ga Janairu, 2001. Yanzu ana rubuta ta da harsuna fiye da 300, har da Hausa. Gidauniyar Wikimedia, wadda aka kafa a 2003, ita ce ke ɗaukar nauyin na'urorin da ke riƙe da ita. Amma masu rubutun 'yan sa-kai ne. Ba a biyan su albashi. Su ake kira editoci.

Ta Turanci tana da maƙaloli fiye da miliyan 6. Ta Hausa kuwa ba ta kai ko kusa ba, duk da yawan masu jin harshen. Dalili shi ne ƙarancin masu rubutu.

Me ya shafi mutanen Zamfara?

An ƙirƙiro Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996, da ƙananan hukumomi 14. Amma tarihin ƙasar ya girmi jihar nesa ba kusa ba. A yankin Tsafe akwai 'Yandoto, tsohon garin malamai da ya yi suna wajen karatu tun kafin jihadi. A yankin Bunguɗu akwai Kwatarkwashi da dutsenta. Gusau kuwa Malam Sambo Ɗan Ashafa ne ya kafa ta a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Layin dogo da ya ratsa ta ya isa Ƙauran Namoda a 1929, aka riƙa ɗaukar gyaɗa da auduga.

Ɗalibi a Legas ko Yamai da ke neman labarin waɗannan wurare, waya zai duba. Idan babu rubutu, ba zai ga komai ba. Idan kuma wanda bai san ƙasar ba ne ya rubuta, sai a sami kure a sunan gari ko na sarauta. Ga shi rashin tsaro ya raba mutane da yawa da ƙauyukansu. Dattawan da suka san tarihi suna ta raguwa. Abin da ba a rubuta ba yana da saurin ɓacewa.

Yaya ake shiga?

Duk wanda ya iya karatu da rubutun boko zai iya. Ba a tambayar takardar shaidar makaranta. Mutum zai buɗe Wikipedia ta Hausa a wayarsa, ya yi rajista da suna da kalmar sirri. Ba dole ya sa sunansa na yanka ba. Rajista kyauta ce, in ban da kuɗin data.

Sabon edita ya fara da ƙaramin aiki. Ya gyara kalmar da aka rubuta ba daidai ba. Ya sa ƙugiya a inda ta dace, domin “kasa” daban, “ƙasa” daban. Zai kuma iya ɗaukar hoton kasuwa, ko rumbu, ko dutse da wayarsa ya bayar a yi amfani da shi. Idan hannu ya faɗa, sai ya fara sabuwar maƙala.

Dokokin aikin

Na ɗaya, kowace magana sai da madogara, wato littafi, ko jarida, ko binciken jami'a da aka wallafa. “Na ji an ce” ba hujja ba ce. Labarin da dattijo ya bayar da baki ba ya shiga kai tsaye. Sai an fara buga shi. A nan malamai da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, za su iya taimakawa.

Na biyu, ba a ɗaukar ɓangare. Ba wurin yabon ɗan siyasa ba ne, ba kuma wurin zagin abokin gaba ba.

Na uku, ba a kwafe rubutun wani. Edita ya karanta, ya fahimta, ya faɗa da kalmominsa.

Na huɗu, haƙuri. Wani editan zai iya gyara abin da mutum ya rubuta ko ya cire shi. Kowane gyara yana nan a ajiye, ana iya komawa gare shi.

A kula: kada a rubuta sirrin mutane, kamar lambar waya ko inda wani yake kwana. Kuma duk wanda ya nemi kuɗi don ya “sa mutum a Wikipedia”, a yi hattara da shi.

Wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci ya riga ya sami fartanyarsa. Saura ya shiga gona.