Zaɓen Daɓe da Kayan Gyara Ga Mai Niyyar Sayar da Gida a Abuja

Tun ranar 3 ga Fabrairu, 1976, da Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta zartar da Doka ta 6 wadda ta kafa Yankin Babban Birnin Tarayya, aikin gini bai tsaya ba a Abuja. Gidajen farko da Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya, watau FCDA, ta gina wa ma'aikata a Garki da Wuse tun kafin a dawo da mazaunin gwamnati daga Ikko a ranar 12 ga Disamba, 1991, yanzu sun manyanta. A shekarar 2003 gwamnati ta mayar da haƙƙin muhalli na ma'aikata ya zama kuɗi, sa'an nan daga 2005 aka shiga sayar da gidajen gwamnati na Abuja, yawancinsu ga waɗanda su ke zaune a ciki. Da yawa daga cikin masu sayen nan sun yi ritaya, waɗansu sun rasu sun bar wa magada, kuma gidan shi ne babbar kadarar da iyali su ka mallaka.

Idan irin wannan mai gida ya ƙudura sayarwa, abin da ya kan fara zo masa shi ne ya gyara gidan domin ya yi daraja. Tunani ne mai kyau, amma nan ne kuma mutane su ke yawan yin hasara. Wani ya kan zuba kuɗin sallamarsa duka a kan ado, ranar ciniki ya tarar mai saye bai ƙara masa ko rabin abin da ya kashe ba.

Abin da za a fara dubawa

Mai saye a Abuja wuri ya ke saye kafin gini. Gida a Maitama ko Asokoro da gida a Kubwa ko Lugbe, ko da fasalinsu ɗaya ne, ba su taɓa zama kuɗi ɗaya ba. Saboda haka kowace unguwa tana da iyakar kuɗin da gidajenta su ke kaiwa, kuma dutsen mabul ba ya ɗaga gida ya tsallake wannan iyaka. Ya kamata mai gida ya zagaya ya ga gidaje uku ko huɗu da aka sayar kusa da shi, ya ga irin daɓensu da fentinsu, ya tambayi ƙwararren mai ƙiyasta darajar gidaje wanda ya ke da rajista. Maganar dillali kaɗai ba ta isa ba, don shi la'adarsa ya ke hange.

Bayan wannan sai a dubi lafiyar ginin kansa. Damina a Abuja tana da tsawo, daga wajen Afrilu har Oktoba, kuma ruwa shi ne babban abokin gaban daɓe da fenti. In rufi yana yoyo, ko bututun ruwa ya fashe a cikin bango, ko danshi yana tasowa daga ƙasa, to, duk abin da aka shimfiɗa a kai ɓarnar kuɗi ne. Alamar danshi ba ta ɓuya: fenti ya kan kumbura a gindin bango, wani farin gari kamar gishiri ya fito, ɗaki ya riƙa warin ruma. Akwai gwaji mai sauƙi. A sami leda mai kauri a shimfiɗa a kan simintin ɗakin, a manne gefunanta da kyau, a bar ta kwana ɗaya. In aka ɗaga aka ga raɓa a ƙarƙashinta, ko simintin ya yi duhu, akwai danshi, sai an magance shi tukuna. Aikin famfo da na wayar lantarki su ma a gama su kafin daɓe, don kada a zo ana fasa sabon aiki.

Daɓe

A ƙasar Hausa daɓe tsohuwar sana'a ce. Mata su kan taru da madaɓai, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, a yi ta bugu ana waƙa har ƙasa ta yi tauri tana ƙyalli. Kayan aiki sun sake, amma sharaɗin bai sake ba: abin da ke ƙasa shi ke riƙe abin da ke sama.

Yawancin gidajen gwamnati na farko da tarazo aka daɓe su, watau ɓarɓashin dutse da aka kwaɓa da siminti aka goge da inji. Mutane da yawa suna ganinsa tsohon yayi, suna gaggawar farfasa shi. Sau da yawa kuskure ne. Tarazon da bai tsage ba ya fi yawancin tayil na kasuwa ƙarko, kuma in aka kira masu inji su ka sake goge shi, ya kan fito kamar sabo a kan kuɗi kaɗan. Fasa shi kuwa yana cin kuɗin lebura da na kwashe ɓaraguzai, wani lokaci har ya taɓa bututun da ke binne. Wanda ya ce zai ɗora tayil a kansa ba tare da fasawa ba, ya tuna ƙasan ɗakin zai ƙara tudu, sai an rage ƙofofi, kuma za a sami ɗan matakala a bakin ƙofa inda tsoho ko yaro zai yi tuntuɓe.

Duk da haka, tayil shi ne abin da yawancin masu saye su ke sa ran gani a yau, kuma in tsohon daɓe ya lalace shi ne zaɓin da ya fi dacewa. Iri biyu ne manya. Akwai na tangaran, mai sauƙin kuɗi, wanda ya ke shan ruwa, ya fi kyau ga bango. Akwai kuma wanda 'yan kasuwa ke kira fosilin, wanda aka gasa da wuta mai tsanani. Bisa ma'aunin duniya ruwan da ya ke sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba, don haka shi ya dace da falo da zaure da duk inda ƙafa ta ke yawa. Mai saye zai iya bambanta su a kasuwa: ya juya bayan tayil ya ɗiga ruwa. In ruwan ya nutse nan da nan, na tangaran ne, ko me mai shago ya kira shi. A kasuwar kayan gini ta Dei-Dei ana samun na waje da na gida, ciki har da wanda a ke yi a Ajakuta ta Jihar Kogi. Na gida yana da wata fa'ida, watau in ya kasa ana iya samun irinsa ba tare da jiran jirgi ba. Ko wanne aka zaɓa, a dubi kwalin a ga sunan masana'anta da shaidar Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, SON.

Lissafin tayil yana bukatar natsuwa. Alal misali, ɗaki mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4 murabba'in mita 20 ke nan. A ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da fashewa, ya zama 22. Tayil mai santimita 60 kowane gefe galibi guda huɗu ne a kwali, watau murabba'in mita 1.44. In aka raba 22 da 1.44 za a sami 15 da 'yan kai, saboda haka kwali 16 za a saya. A saye shi duka rana ɗaya, a kuma tabbata lambar gashi da ke jikin kwalayen ɗaya ce, domin tayil mai suna ɗaya da aka gasa a lokuta daban launinsa ya kan saɓa, kuma ba a ganin saɓanin sai an shimfiɗa.

Game da launi, mai gyara don sayarwa ba kansa ya ke yi wa ado ba. Abin da ya burge shi yana iya korar wani. Launi mai sanyi, kamar ruwan ƙasa mai haske ko ruwan toka, ya fi karɓuwa ga kowa, kuma yana ɓoye ƙurar hunturu. Baƙi wuluk da fari fat kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu sai a yi ta shara ba a ga an yi ba. Iri ɗaya a falo da ɗakuna ya kan sa gida ya yi kamar ya fi faɗi.

Banɗaki da kicin da baranda su na da hukuncinsu dabam. Tayil mai sheƙi in ya jiƙe santsinsa ya yi yawa, kuma a gidan da a ke alwala sau biyar a rana ƙasan banɗaki ba ya bushewa. Faɗuwar dattijo a irin wannan wuri tana iya zama karayar ƙugu. A sa mai kaushi. A kuma tabbata mai aikin ya ba ƙasan gangara wajen magudana, kimanin santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita. In banɗakin a bene ya ke, a shafa maganin hana yoyo kafin tayil, a toshe magudana a tara ruwa ya kwana, a duba silin na ƙasa.

Ko tayil ya kai ina a tsada, mugun aiki zai ɓata shi. Sabon siminti yana bukatar kimanin kwana 28 kafin ya kai ƙarfinsa, kuma gaggawa a nan ita ke sa tayil ya ɗago daga baya. Waɗansu masu aiki su kan ɗiga siminti a kusurwa huɗu kawai su ɗora, tsakiya ta zama rami. Kafin a biya kuɗin ƙarshe, mai gida ya bi ɗakin yana ƙwanƙwasa kowane tayil da ƙarfe ko tsabar kuɗi. Wanda ya yi ƙara kamar ganga, babu komai a ƙarƙashinsa, a sa a cire shi. Mai saye mai wayo shi ma haka zai yi.

Dutsen giranit, wanda a ke fasawa a wurare kamar Mpape, yana da kyau ga matakala da teburin kicin. Mabul kuwa yana da taushi, ruwan lemon tsami ma yana cin fuskarsa, sai dai gidajen manyan unguwanni. Daɓen katako yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu, ga kuma gara. Kafet mai manne da ledar ɗaki ba su ƙara wa gida daraja. Mai saye ya kan ɗauka an rufe wani abu ne.

Bango da silin

Fenti shi ne gyaran da ya fi kowane araha, kuma shi ido ya ke fara gani. A kankare tsohon da ya ɓamɓare, a cike tsaga, a bar sabon shafe ya bushe sosai, kimanin mako huɗu, kafin a shafa. Fentin ruwa ya wadatar a ɗakuna, na mai kuma ga ƙofofi da ƙarafan taga. Fenti mai gurza-gurza da a ke yi wa bangon waje yana riƙe ƙura, bai dace da ciki ba. Wajibi ne a yi hattara da tsohon fentin mai, domin waɗansunsa suna ɗauke da dalma, wadda ke lahanta ƙwaƙwalwar yara. Jama'a ba su manta da yaran da gubar dalma ta hallaka a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, ko da ya ke wancan daga haƙar zinariya ne. In za a kankare, a jiƙa wurin, a fitar da yara da mata masu ciki daga gidan.

Haka nan gidaje da yawa na shekarun 1980 silinsu da rufinsu na asbestas ne. Muddin yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Ƙurarsa ce in an fasa ko an yanka ta ke shiga huhu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar tana jawo ciwon daji. Kada a bar lebura ya farfasa shi da guduma. A jiƙa shi, a kwance shi fale-fale, masu aikin su rufe hanci da abin da ya dace. Silin da magina ke kira POP shi ne a ke yayi, amma mai sauƙin zane ya fi mai tarin ƙawa, kuma ɗigon ruwa kaɗan ya ishe shi ya yi tabo, don haka rufi ne farko.

Akwai masu shafa fenti a kan bango mai danshi ko mai tsaga ana gobe masu saye za su zo. Wannan algus ne, kuma damina ɗaya ta isa ta tona shi, daga nan sai rigima ta kai kotu. In akwai aibin da ba a iya gyarawa ba, a faɗa wa mai saye a rage masa kuɗi.

Izini da takardu

Sauya tayil ko fenti gyaran cikin gida ne. Amma rushe bango, ko ƙara ɗaki, ko toshe baranda, ko mayar da gareji shago, duk suna bukatar izinin Sashen Kula da Tsarin Gine-gine na Abuja, kuma ginin da aka ƙara ba da izini ba ana iya sa masa jan fenti a rushe shi. Wanda ya ke zaune a gidan bene na haɗaka, irin na Garki da Wuse, ya tuna bangon da ya ke son cirewa mai yiwuwa shi ke ɗauke da maƙwabcinsa na sama. Sai injiniya mai rajista ya duba.

Ƙasar Yankin Babban Birnin Tarayya duka a hannun Gwamnatin Tarayya ta ke, kuma mallakar gida ba ta komawa ga mai saye a hukumance sai da amincewar Ministan Abuja. Mai saye zai je ofishin AGIS ya bincika takardar shaidar mallaka da bashin harajin ƙasa, saboda haka mai gida ya ware kuɗin biyan wannan bashi tun kafin ya taɓa na tayil. Ya kuma adana rasiɗin kayan da ya saya da yarjejeniyar da ya rubuta da masu aiki, ya ajiye kwali ɗaya ko biyu na ragowar tayil da gwangwanin fenti mai ɗauke da lambar launi, ya miƙa su ga mai saye tare da makullai.