Mizanin Mai Binciken Ƙwaƙwalwa

Malamanmu magabata, Allah Ya jiƙansu, in an kawo musu labarin wani malami da ya shahara a wata ƙasa, abin da sukan fara tambaya shi ne a wurin wa ya ɗauki karatu, su wane ne kuma suka ɗauka daga gare shi. Domin haka ne Malam Abdullahi na Gwandu ya wallafa Ida'un Nusukh, inda ya jera shehunan da ya durƙusa a gabansu da littattafan da ya karanta a hannunsu. Masana kimiyya na wannan zamani, ko da yake tafarkinsu daban ne, suna yi wa junansu irin waɗannan tambayoyi, sai dai sun mai da amsar lissafi, suna auna mutum da abubuwa uku: abin da ya wallafa, yawan waɗanda suka kafa hujja da shi, da kuma waɗanda ya yi tarayya da su cikin aiki.

Mai bincike in ya kammala gwajinsa, sai ya rubuta maƙala ya aika wa mujallar fanninsa, ita kuwa ta miƙa wa masana biyu ko uku, waɗanda galibi ba a bayyana masa sunansu, su bi ta da tahaƙiƙi, su nemi gyara, ko su ce a mayar masa da abinsa. Bayan an buga, duk wanda ya dogara da ita cikin nasa aikin wajibi ne ya ambace ta a ƙarshen maƙalarsa, kuma wannan ambaton shi ake ƙidayawa. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, ya fitar da babban kundin ambato a 1964. A 2005 kuma Jorge Hirsch ya ƙago ma'aunin da ake kira h, wanda in aka ce na mutum ya kai 20, to ana nufin yana da maƙala 20 waɗanda aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Hikimar ma'aunin ita ce, tarin rubutun da ba mai waiwayarsa ba ya ɗaga shi, maƙala guda da ta yi tashe ita ma ba ta isa.

Don ganin yadda wannan mizani ke aiki a wurinmu, mu ɗauki Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar Yobe, wanda ya karanta ilmin sassan jikin ɗan Adam a Jami'ar Maiduguri, sa'an nan ya tafi Jami'ar Sussex ta Ingila, inda ya yi digirin dakta a ɗakin binciken Farfesa Louise Serpell a kan cutar Alzaima, wadda ke cinye tunanin tsofaffi har mutum ya kasa gane ɗan da ya haifa. Himmarsa ta fuskanci wani furotin mai suna tau, wanda a jikin mai lafiya yake ƙarfafa ginshiƙan cikin ƙwayoyin jijiya, a jikin majinyaci kuwa yake cukurkuɗewa ya taru. A 2018 shi da abokan aikinsa suka wallafa bayani a kan aikin wannan furotin a can cikin cibiyar ƙwayar halitta, inda ake shirya kayan ƙera sauran furotin, da yadda halinsa ke sauyawa in ƙwayar ta shiga matsi.

Amma aikinsa da ya fi shafar mas'alarmu shi ne wanda ya fito a mujallar Nature Communications a 2021, lokacin da shi da taron masu bincike na Afirka da na Turai, cikinsu har da Tom Baden da Lucia Prieto-Godino na ƙungiyar TReND in Africa, suka ɗora nahiyar gaba ɗayanta a kan mizani. Sun tattaro maƙala 12,326 na ilmin ƙwaƙwalwa daga rumbun PubMed masu ɗauke da adireshin Afirka, daga 1996 zuwa 2017, suka tace su, sai suka tarar 5,219 ne kaɗai ke da tabbacin a Afirka aka yi aikin, mazauna Afirka kuma suka jagorance shi. In aka raba wannan jimilla ga ƙasashe 54 da shekaru 22, kowace ƙasa kimanin maƙala huɗu ke gare ta a shekara. Rabon ma bai zo daidai ba, domin Masar da Afirka ta Kudu da Nijeriya da Maroko da Tunisiya su biyar sun kwashe fiye da kashi uku cikin huɗu.

Binciken ya nuna cewa mai binciken Afirka in zai haɗa kai da wani na wata ƙasa, galibi Turai ko Amurka yake fuskanta, maƙwabcinsa kuwa sai nadiran. Cewa kuɗin aikin a yawancin yankuna daga waje yake zuwa. Cewa na'urorin zamani sun yi ƙaranci, har Afirka ta Yamma ta fi karkata ga gwada magungunan itatuwa. Ba laifi ba ne a nemi ilmi ko taimako daga nesa, amma wanda ya biya kuɗi yakan sa baki cikin zaɓen tambayar da za a bincika, kuma ta haka ne farfaɗiya da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai hawa ka, waɗanda ke sa iyayenmu mata kwana a zaune, suke samun kaso ƙasa da nauyinsu.

A nan ya kamata mai karatu ya yi hattara da lissafin kansa. Ana ambatar maƙala don a yarda da ita, ana kuma ambatarta don a rushe ta, kundin kuwa duka ɗaya yake ƙirgawa. Fannin da ke da dubban masu bincike yana haifar da ambato mai yawa, alhali wanda ya duƙufa kan cutar da ta keɓanta da talakawan Sahel, komai ingancin aikinsa, masu ambatarsa ƙalilan ne. Masana da kansu sun lura da wannan, har wani taronsu a San Faransisko a 2012 ya fitar da sanarwa cewa kada a auna mutum da darajar mujallar da ta buga aikinsa, a karanta aikin a gani.

Tarayyar malaman ɓangarorin Sahara biyu daɗaɗɗen abu ne a tarihinmu: Shaihu Maghili, haifaffen Tilimsan wanda ya zauna a Tuwat cikin ƙasar Aljeriya ta yau, ya keto hamada ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa nasiha a kan mulki. Yau kuwa tsohon da mantuwa ta kama a Tazruk, can bisa duwatsun Ahaggar a yankin Tamanrasset, da takwaransa na Gashuwa ko Maraɗi, dukansu kusan ba sa cikin kundin bincike, domin mafi yawan abin da aka sani game da gadon cutar Alzaima daga jinin Turawa aka samo shi.

Saboda cike wannan giɓi ne Maina ya jagoranci kafa cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu a 2021, inda ake horar da matasa aikin ɗakin gwaji, ana kuma nazarin ƙwayoyin halittar mutanen yankin. Abin da ya rage a wuyan hukumomi da jami'o'inmu ke nan: su ware kuɗin bincike na ƙashin kansu, su buɗe ƙofa tsakanin Kano da Yamai da Aljiyas, kuma in sun zauna ƙarin girma ga malami, bayan sun ƙirga maƙalunsa, su tambaye shi wace cuta ta mutanensa ya ƙara wa sani, ɗalibai nawa kuma ya yaye waɗanda za su iya aikin ba da shi ba.