Abincin da ƙumbar teku ke samu daga ƙarƙashin ruwa

A gaɓar tekun arewa maso yammacin Faransa, masunta da dama sun dogara ne da wata ƙumbar teku da ake kira skalop, wadda ake kamawa daga watan Oktoba zuwa tsakiyar Mayu.

Darajarta ta kai ga a watan Agustan 2018 jiragen masuntan Faransa da na Birtaniya suka yi arangama a kanta a kusa da gaɓar Normandi.

To amma me wannan halitta take ci?

Ita dai skalop tana kwance ne a ɗan ramin da take yi a cikin yashi. Tana zuƙar ruwa, ta tace shi da gaɓoɓin numfashinta, ta haɗiye ƙwayoyin abincin da ke ciki.

An daɗe ana ɗauka cewa ƙwayoyin gansakukar da ke yawo a saman ruwa su ne kusan dukkan abincinta.

Sai dai wani bincike da masaniyar halittun ruwa Sandra Shumway da abokan aikinta suka wallafa a 1987 a kan skalop na mashigin tekun Maine a Amurka, ya gano cewa a cikin hanjinta har da nau'o'in gansakukar da ke zaune a ƙasan teku.

Akasarin waɗannan ƙwayoyi, waɗanda ba a iya gani sai da madubin likita, suna da ɓawo mai kama da gilashi, kuma suna tsira ne a kan yashi da taɓo inda hasken rana ke kaiwa.

Idan igiyar ruwa ko iska mai ƙarfi ta motsa ƙasan, sai su taso su gauraya da ruwan da ƙumbar ke zuƙa.

Muhimmancinsu shi ne, gansakukar sama tana bunƙasa ne a wasu lokuta na shekara, musamman bayan hunturu, sannan ta ragu. Ta ƙasa kuwa takan taimaka wajen cike giɓin.

Haka kuma yawan ta sama ba kullum yake zama alheri ba. A mashigin Brest, masana sun lura da layukan da ƙumbar ke ƙarawa a ɓawonta kowace rana, inda suka ga girmanta na raguwa idan gansakukar ta yi yawa ainun.

Wasu nau'o'in ma na ɗauke da guba da ke daɗewa watanni a jikinta, abin da ya sa hukumomin Faransa suka hana kamun ta a wasu yankuna a 2004.

Saboda haka duk abin da ya gurɓata ruwa har haske ya kasa isa ƙasa, to ya taɓa abincin ƙumbar, ya kuma taɓa aljihun masunta.