Tarkon Roba a Sararin Samaniya

In aka ce na'urar binciken samaniya, wayoyi da kwamfuta mutum zai hango. Wadda ta fi burge ni kuwa ko batir ba ta da shi: fallayen roba ne, an jera su kamar shafukan littafi, an bar su suna ta kewaya duniya.

Abin da suke dako shi ne ƙwayoyin kosmik, wato cibiyoyin zarra masu tahowa daga cikin taurari da gudun da ya kusa na haske. Kusan kashi 90 cikin 100 na haidurojin ne. Masu nauyi irin su zinariya, dalma da yuraniyam kuwa, sai an sha jira kafin ɗaya ta gifta. Shi ya sa babban burin mai ƙera wannan tarko shi ne faɗi da daɗewa. Roba ga araha, ba ta cin wuta balle ta nemi gyara.

Ƙwayar da ta ratsa robar takan bar rauni da ido ba ya gani. Sai an dawo da fallen ƙasa an jiƙa shi a ruwan soda, irin ta masu sabulu. Sodar ta fi saurin cin wurin raunin, sai ta bar ɗan rami mai tsini, kuma tsawon ramin ne ke nuna wace ƙwaya ta wuce.

Masanan birnin Dublin na ƙasar Ayilan sun ɗora ɗauri 192 na robar Lexan, da fallayen dalma a tsakani, a kan tauraron ɗan'adam LDEF na hukumar NASA. Kumbon Challenger ya kai shi sama a Afrilun 1984, da niyyar a ɗauko shi kafin shekara. Tafiyar ɗauko shi ta yi ta jinkiri, sai ga Challenger ya tarwatse a Janairun 1986. Sai Janairun 1990 kumbon Columbia ya cafko tauraron, lokacin yana ta gangarowa. Jinkirin ya yi musu rana, don sun sami sawun ƙwayoyi masu nauyi fiye da 2,000.

Amma robar akwai tsirfa. Zafi na sauya yadda take ɗaukar sawu, dole a lulluɓe ta. Ba ta kuma faɗin ranar da ƙwaya ta wuce. Babbar matsalar, a ganina, ita ce dakon dawowa: tun da Amurka ta yi wa irin kumbunan nan ritaya a 2011, babu jirgin da ke sauko da kaya mai girman LDEF.